Hannun da Ya Ɗaga Surukina

Yau dai zan faɗa muku abin da na daɗe ina zagayewa: hannuna rawa yake yi. Ba kullum ba, amma idan ya tashi ko cokali ba na kai wa baki sai rabi ya zube. Masu rubuto min cewa "Shamim ke jaruma ce, ga aiki ga yara biyu ke kaɗai," na gode ƙwarai, amma ku ɗan ajiye jarumtar nan a gefe ku saurara.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Shamim Nanfuka, ina haya a unguwar Kawempe, ciki da falo. Mijina Sulaiman ya rasu a haɗarin mota a hanyar Masaka tun ƙaramin ɗanmu yana goye. Ya bar min Nalubega, shekararta bakwai amma bakinta na tsohuwa ne, da Kasozi, wanda bai yarda akwai wata ƙofa a duniya da aka rufe dominsa ba.

Idan kun taɓa kiran kamfanin fitilun sola kuka ji wata murya mai sanyi ta ce, "Barka da rana, Shamim ce, da me zan taimaka?" to ku sani mai muryar tana zaune ne a kan bokitin fenti da aka kife, kwamfutarta a kan teburin guga, ƙafarta ɗaya ta tokare ƙofa. Tun da korona ta shigo aka ba kowa kayan aikinsa aka ce ya tafi gida, makarantu kuma aka garƙame su kamar ba za a sake buɗewa ba. A jikin wayar iyafis ɗina akwai wani ɗan maɓalli da ke kashe muryata, mai kira ba ya jin komai. Ban san wanda ya ƙirƙiro shi ba, amma Allah Ya saka masa da alheri. Da shi nake raba faɗa, da shi nake cewa Nalubega ta rage wutar wake, da shi nake taya ta lissafin da ake koyarwa a rediyo. Daga baya da shi na riƙa yin kuka. In danna, in yi kukana, in share hanci, in sake dannawa in ce, "Yi haƙuri Ssebo, ina duba maka ne." Ssebo shi ne yallaɓai a yarenmu.

Kukan ya samo asali ne daga kulle na biyu, wanda ya fi cin mutane. Mzee Bukenya, mahaifin Sulaiman, ya zo daga ƙauye a duba masa ido, da niyyar ya kwana ya juya. Sai aka hana motoci tsallaka gunduma, ya maƙale a wurina. Mai gidan haya ya ara mana ɗan ɗakin ajiya na tsakar gida, muka share muka sa katifa.

A wurinmu matar ɗa ba ta taɓa uban mijinta. Ba ta miƙa masa abu hannu da hannu, ba ta zama inda ya zauna, ba ta taɓa shimfiɗarsa. Wadda ta yi, an ce obuko zai kama ta, jikinta ya ɗauki rawa har ta mutu, duk wanda ya gan ta ya san ta tsallake iyaka da suruki. Limamin unguwarmu ya sha faɗa cewa wannan ba ya cikin addini. Matan da ke gyaɗa kai a sahun baya su ne na farko da za su ja ki gefe in sun ga kofi na kaɗawa a hannunki. Don haka muka yi yadda aka saba. In durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe shi, in ajiye tire a ƙasa, Nalubega ta tura masa ciki.

Sai ya fara tari. Daga tari sai zazzaɓi, daga zazzaɓi sai numfashi ya riƙa yi masa gardama. Duk asibitin da na kira gado ya cika. Na kira babbar ’yarsa Namatovu a Mbarara, tana kuka ina kuka, hanya a rufe. Maƙwabta suka ja labule, ban kuma ga laifinsu ba. Wata rana da azahar, ina tsakiyar yi wa wani bayanin garanti, na ji faɗuwar abu. Na fita da iyafis a wuya na tarar da shi a ƙasa, tsakanin katifa da ƙofa, ya ɓata jikinsa.

Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Ssebo, bari in kira wani."

Ya ce, "Wa za ki kira, matar ɗana?"

Ya ja numfashi da ƙyar ya ce, "Daga yau ke ’yata ce. Zo ki ɗaga ni."

Na ɗaga shi. Na wanke shi, na canza masa kaya, na ba shi kunu da cokali. Haka muka yi har ranar da ya cika. Masu fararen kaya suka zo suka yi feshi suka tafi da shi, aka binne shi a ƙauye da mutanen da ba su cika sahu ɗaya ba. Namatovu ta waya ta kalli jana’izar ubanta. Ni kuma da na gama kwanakin killacewa na koma kan bokitin fentina.

Ba a daɗe ba rawar ta fara. Da kofin shayi ta soma. Sai ya zama in waya ta yi ƙara ƙirjina ya ƙulle, in wani ya yi tari a layi yatsuna su ƙi bin maɓallai. Na daina dafa matoke, don feraye ayabar ma ya gagare ni. Yara suka ci gurasar capati da wake har Kasozi ya fara kuka da ganin capati. Riga ɗaya nake kwana da ita in wuni da ita, tunda mai kira ba ya ganina. Ina son yarana, wannan ba abin tambaya ba ne, amma akwai ranakun da in suka ce "Maama" sai in ji kamar in shige ƙarƙashin gado.

Ranar da wani dattijo ya kira yana haki na yi shiru na kasa ce masa komai, shugabarmu ta saurari kiran. Na ɗauka kora ce. Sai ta turo min lambar wata Madam Atim, mai ba da shawara da kamfani ya ɗauko saboda irina, don ashe muna da yawa. Madam Atim ’yar Lira ce. Da na ce mata ina tsoron ko obuko ne, sai ta ce, "Obu me?" Na yi mata bayani, ta ce, "Shamim, wannan ciwon damuwa ne da fargaba. Kin ga abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma ba ki samu ko wuni guda kin zauna kin yi makokinsa ba." Ta haɗa ni da likita, aka ba ni ’yar ƙwaya fara ta safe. Duk Alhamis lokacin hutun rana muna magana, ina zaune a banɗaki don nan ne kawai ke da sakata. Na samu sauƙi sosai, na koma girki. Amma rawar takan dawo, musamman in ido ya yi min yawa.

To, ga inda Twaha ya shigo. Twaha Kabugo yana da shagon kayan lantarki a bakin titi, shi ya zo ya ɗaura min batir don kada kwamfuta ta riƙa mutuwa in an ɗauke wuta. Mutum ne dogo marar surutu, matarsa ta rasu ba su haihu ba. Masu jiran in kawo muku kalaman soyayya, ku yi haƙuri, ga irin saƙonninsa:

"Wuta ta dawo?"

"Kin ci abinci?"

"Akwai gawayi a gidan?"

Sau ɗaya ya turo hoton fure, bayan ɗan lokaci ya biyo da, "Yi haƙuri, ɗan yayata ne ya taɓa wayar." Ɗan yayar nan har yau ban ga mai kama da shi ba. Ina dariya ni kaɗai a kan bokiti, abin da na manta yadda ake yi. Rannan sai ya rubuto, "Ina so in zo gidan Ssenga." Ko harafi bai ƙara ba, kuma ba sai ya ƙara ba, don namiji ba ya zuwa gidan gwaggon mace shan shayi. Ina son sa, na faɗa. Amma hannuna bai taɓa gani ba, ko in ce haka na ɗauka. Korona ta hana musabaha, ni kuma kullum hannayena na cikin mayafi ko suna riƙe da Kasozi.

Ssenga Nambirige ƙanwar mahaifina ce, tana sayar da labulen gwanjo a Nansana, idonta kuma ya saba gano huda a yadi tun daga nesa. Ranar da na je gaya mata zancen Twaha ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo, ta zuba min shayi, ta miƙo. Kofin ya yi ƙara a kan faranti. Guɗar ta tsaya. Ta tashi ta rufe ƙofa. Ta san a hannuna Mzee ya yi jinya.

"Kin taɓa shi?"

"Ssenga, ba kowa a gidan."

"Ba tarihi na tambaye ki ba. Kin taɓa shi?"

"Na taɓa shi."

Ta dafe kai da hannu biyu. "Wa ya sani?"

"Madam Atim."

"Wace ce kuma Atim? ’Yar gidan wa?"

Na yi mata bayani, har da ƙwayar. Ta dube ni kamar na ce na sayar da kabarin kakanmu. "Wato kin kwashe cikin gidanmu kin juye wa baƙuwa a waya, kuma kina shan maganin masu taɓin hankali. Nanfuka, buɗe kunnenki. In aka ce obuko ne, sunanki ya ɓaci. In aka ce taɓi ne, sunanki ya ɓaci. Kowanne aka ce, dangin Sulaiman za su kwashe yaransu. Don haka babu abin da ke damunki. Maimaita."

"Babu abin da ke damuna."

"Yawwa. Sha shayinki da hannu biyu."

Ba ta san an riga an makara ba. Nalubega, uwar bayani, ta gaya wa Namatovu a waya cewa Maama hannunta na rawa in tana ɗaura mata ɗankwali. Ranar Talata saƙon muryarta ya shigo, ta fara da Mulamu, sunan da matar ƙani da yayar miji ke kiran juna da shi, na saurare shi tsakanin kira biyu:

"Mulamu, na ji abin da na ji. Yaran nan ’ya’yan ƙanina ne, sunan gidanmu suke amsawa. Na kuma ji akwai mai zuwa gidan Ssengarki ran Asabar. Hanya ta buɗe, zan zo in ga mutumin, in gan ki. In abin da na ji gaskiya ne, ki haɗa musu kayansu."

Kada wani ya ce min ba ta isa ba. Ta isa. Yara na dangin uba ne, in ta ce a tafi da su babu dattijon da zai tsaya min, balle an ce uwar ta tsallake iyaka da kakansu. Na leƙa falo, Kasozi ya kife a kan tabarma yana tura murfin kwalba yana yi masa kukan mota, Nalubega na yi wa rediyo gyaran lissafi. Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko ranar da Mzee ya faɗi. Daga nan na koma na amsa kiran wata mata da batirinta ya ƙi caji.

A zuwan farko irin wannan, kafin a ci abinci, mace takan fito cikin gomesi, doguwar rigar bikinmu, ta durƙusa gaban baƙi ta zuba musu ruwan wanke hannu, ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallonta. Ssenga ta mayar da wannan aikin soja. Jajibirin ranar ta tsayar da ni a tsakar gidanta da jug ɗin roba, ruwa rabi.

"Roba ba ta ƙara, ko ta kaɗa ba mai ji. Matse gwiwar hannunki a haƙarƙari. Matse, na ce! Kar ki kalli fuskar kowa, kalli kwano. Tashi. Sake durƙusawa. Ke wai a ofishin naku ba a durƙuso ne, kika yi tauri haka?"

Ta kuma goga wani dunƙulen yumɓu mai haɗe da ganye a ruwa ta ce in shanye. Na shanye, ɗacinsa har ƙeya, na kuma sha ƙwayata da safe. Ban ga dalilin da zai sa su yi faɗa a cikina ba. Madam Atim kuwa da na gaya mata shirin jug ɗin roba tun ran Alhamis sai da ta yi dariya, sannan ta ce, "In rawar ta zo, ƙyale ta ta zo, kokawa da ita ke ƙara mata ƙarfi. Amma Shamim, me kika yi ne da kike ɓoyewa haka?" A nan lokacin hutu ya ƙare.

Ran Asabar tun da hantsi gida ya ɗauki ƙamshin ganyen ayaba. Matoke na kan wuta a naɗe, kaji kowace an ƙunshe ta a ganyenta, ga miyar gyaɗa. Gomesina ruwan zuma ne, kafaɗun a tsaye, ɗamarar ruwan gwal Ssenga ta ja ta har sai da na ce numfashi fa. Tela ya ɗinka min takunkumi da ragowar yadin, na yafa farin mayafi. Na yi kyau, ba yabon kai ba.

Baƙi ba yawa saboda doka, kuma da wuri suka zo don kowa ya isa gida kafin a hana fita. Twaha cikin farin kanzu, doguwar rigar maza, da baƙar kwat, sai baffansa Hajji Kayiira, wanda shi ne bakinsa, don mai neman aure ba ya magana a irin wannan zama, nasa sunkuyar da kai. Namatovu ta riga su isowa. Ta rungume yaran, ta amsa gaisuwata a taƙaice, ta zauna kan tabarma kusa da ƙofa. A gefenta akwai babbar jaka mai zif, a ninke, ba komai a ciki. Kowa ya gan ta, ba wanda ya tambaya.

Da lokaci ya yi na shiga kicin ɗaukar jug. Maƙwabciyar Ssenga da ta zo taya aiki ta cika shi dam da lemo har da ƙanƙara, ta riga ta kai gaban baƙi. Abin da ya rage a gidan sai tsohuwar butar shayi ta goran ruwa, mai murfin da bai taɓa zama daidai ba. Na kalli Ssenga, Ssenga ta kalli buta. Ta ce a hankali, "Danne murfin da babban yatsa. Bismillah, je ki."

Na fito, na durƙusa gaban Hajji, na ajiye kwano. Gwiwar hannu a matse, ido a kwano, yatsa a murfi. Ruwa ya fara zuba lafiya lau, har na ji Ssenga ta sauke numfashi a bayana. Sai Hajji ya yi tari. Tari ne kawai irin na tsofaffi, a cikin takunkumi, wataƙila barkonon miya ne ya shaƙe shi. Amma ni ɗakin ajiya na gani, da katifa, da ƙafar Mzee a bakin ƙofa. Yatsana ya zame. Murfin ya fara, kar-kar-kar-kar, falon ya yi tsit sai shi kaɗai ke magana. Ruwa ya bar kwano ya bi kanzun Hajji.

Ssenga ta yi wuf ta ce, "Yunwa ce! Tun asuba yarinyar nan ba ta sa komai a cikinta ba, zumuɗi ya hana ta."

Namatovu ta ce, "Ssenga, da girmanki. Yunwa ba ta kaɗa murfin buta." Ta juyo gare ni. "Mulamu, tambaya ɗaya zan yi miki, a gaban mutane don kada gobe a ce na yi miki ƙage. Kin taɓa Taata, mahaifina?"

Ssenga na ta ƙifta min ido har kamar zai faɗo. Yarana na tsaye a bakin labule, Kasozi da cinyar kaza a hannu wadda ban san inda ya samo ba. Na san abin da aka ce in maimaita. Na buɗe baki in faɗe shi, sai na ji na gaji. Na gaji da mayafi, na gaji da banɗaki mai sakata, na gaji da danna maɓalli. Na ajiye butar a ƙasa, na ɗora hannayena a kan cinya inda kowa zai gan su suna abinsu.

"Na taɓa shi, Mulamu. Na ɗaga shi daga ƙasa. Na wanke shi kamar yadda nake wanke Kasozi. Na juya shi in bayansa ya gaji, na riƙe masa kai yana amai. Na kira ki, hanya a rufe, ba laifinki ba ne. Na kira maƙwabta, suna da nasu yaran. To wa zai ɗaga shi? Nalubega? In bar shi a ƙasa cikin ƙazanta ina gaishe shi daga bakin ƙofa? Shi da bakinsa ya ce in zo. A kan wannan hannun ya cika. Tun daga nan yake rawa, ina ganin likita, ina shan magani, ina samun sauƙi. Likita ya ce damuwa ce. Ku kuna iya kiransa abin da kuka ga dama. Amma in yau aka mayar da ni ranar, zan sake ɗaga shi."

Hajji na ta kakkaɓe kanzunsa yana kallon silin. Sai Twaha ya miƙo dogon hannunsa ya ɗauki butar, ya ƙarasa zuba wa baffansa, ya zuba wa kansa, ya mayar da murfin ya daidaita shi.

Ya ce, "Ni na san da rawar tun ranar da na ɗaura batir. Ita ta miƙo min sukundireba. Na ce in ta shirya za ta faɗa."

Hajji ya ce, "Twaha, ba a ba ka baki a nan ba."

"Na sani, Hajji. Murfin ne kawai, ya kamata a canza shi."

An ci abinci, in za a kira wannan ci. Kajin da aka wuni ana dafawa ko rabi ba a buɗe ba. A ƙa’ida kafin baƙi su tashi akan sa ranar zuwa gidan iyaye. Hajji ya goge baki ya ce za su koma gida su yi shawara, ya yi godiya doguwa irin wadda ba ta da komai a ciki, suka fita. Ssenga ta raka su, ta dawo ta wuce ni kamar ba ta ganni ba, tana cewa ita dai ta yi iya yinta, wanda ya ga dama ya je ya auri waya.

Na zagaya bayan gida inda aka tara ganyen ayaba, na zauna a kan turmi da gomesina. Ina lissafin kayan yara a raina, wanne ne a wanke, wa zai gaya wa mutanen Mbarara cewa Kasozi ba ya barci sai an riƙe masa kunne. Sai ga Namatovu. Ta tsaya a kaina ta daɗe, ta cire takunkuminta. Sai a lokacin na lura da yadda ta rame.

Ta ce, "Ya neme ni?"

Na ɗaga kai.

"Taata. Kafin ya cika. Ya tambayi inda nake?"

Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Madam Atim. Na ce, "Bai tambaya ba, Mulamu. A kwanakin ƙarshe idonsa ya daina rabewa. In na shigo sai ya ce, ‘Namatovu, kin iso?’"

Ta dafa bango. "Kika ce masa me?"

"Na ce, ‘Na iso, Taata.’"

"Kika amsa?"

"Kullum. Ya ce dama ya san ba za ki bar shi ba."

Ta sulale ta zauna a ƙasa, cikin ganye da toka, babbar mace mai jikoki, ta yi kukan da ba ta samu yi a bakin kabari ba. Ban ce mata ta yi haƙuri ba, na san ba ya amfani. Da ta tsagaita sai ta kamo hannuna na dama, yana rawarsa, ta juya shi ta kalli tafin ta kalli bayan, ta riƙe shi gam da nata biyun.

Ta ce, "Yaran su zauna wurin uwarsu. Duk wanda ya yi magana a gida, ni zan amsa masa." Ta share fuska da gefen mayafi. "Matar nan da kike magana da ita a waya, sai ma’aikatanku kawai take saurare? Tun ranar ban yi barcin kirki ba."

Na ce zan tambaye ta ran Alhamis.

Jakar nan dai ba ta koma Mbarara a ninke ba. Ssenga, tana fushi tana mita, ta cika ta da kajin da baƙi suka ƙi ci, ta ce ba za a yi asara biyu a rana ɗaya ba.

Mun iso Kawempe kafin la’asar ta yi sanyi. Na kwance ɗamara na ji haƙarƙarina sun dawo wurinsu, na ɗora ruwan wankan yara. Wayata ta yi ƙara a kan teburin guga. Twaha ne, kuma wannan ne saƙo mafi tsawo da ya taɓa rubuto min:

"Hajji ya ce a’a. Mahaifiyata ta ji labari, ita ma ta ce a’a. Ni har yanzu ba wanda ya tambaye ni. Kina gida gobe? Zan zo duba batir."

Batirin nan lafiyarsa ƙalau, ni da shi duk mun sani. Na fara rubuta amsa, yatsuna suna tsallake haruffa, na goge na sake. Sai Kasozi ya banko ƙofa tsirara, kumfa har ido, yana ihu wai Nalubega ta sa masa sabulu da gangan. Na ajiye wayar a buɗe, na ɗauke shi da hannayen nan biyu, na tafi wanke masa ido.